Atishawa Uku

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau ma zaman gida. Tun da aka fara wannan dokar hana fita ta ranar Litinin a nan Inugu, kasuwar Ogbete sai ka ce an yi shara. Na yi wanki, na yi guga, na tsince shinkafar da ba ta buƙatar tsinta, har yanzu azahar ba ta yi ba. Shi ne na ɗauko ragowar littafin nan na 'yata Ikram, ta yi shafi shida ta yar, na ce bari in riƙa zuba tambayoyina a ciki tunda mutanen gidan nan sun gaji da ni.

Baba ya ce tun ina goye nake tambaya. Wai kafin in iya cewa Dada na iya cewa "don me". Tsokana ce, amma na yarda.

Tambayar yau: don me ƙwayar idon akuya take a kwance, tamu kuma a zagaye? Shekarata arba'in da ɗaya a gidan mai sayar da dabbobi, sai jiya na lura. Na tambayi Baba, mutumin da awakin da suka bi ta hannunsa sun kusa yawan mutanen Inugu. Ya ce, "Sharifa, ni haƙori nake dubawa da ƙugu, ban taɓa sayen akuya don idonta ba." Ikram ce ta ba ni amsa, wai don ta riƙa hangen gefe da gefe tana kiwo, kada wani abu ya lallaɓo ta. Aji shida na sakandare bai tafi a banza ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Rana ta fito bayan kwana uku ana ruwa. Ina fitowa daga rumfa sai ga ta, kamar kullum: atishawa uku, ba ƙari ba ragi. Mama Nkechi mai manja, maƙwabciyar rumfata, har ƙirga mini take yi. "One, two, three. Hajiya don come."

Ikram ta ce abin sananne ne, akwai mutanen da hasken rana ke sa su atishawa, kuma gado ne. Ita ma tana yi. Na ce to a wajen wa na gada? Baba ko a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, ya wuni ba ya yi. Dada, Allah ya jiƙanta, ban taɓa jin ta yi ba, dariya ma take mini. Wataƙila wani kaka ne can a Kano.

Idi mai albasa ya kawo kaya a makare. Na hango shi tun daga layin masu doya na ƙwala masa kira, "Idi! Idrisu!" har mutane suka waiwayo. Bawan Allah ba ya fushi. Bai san rabin ihun ba nasa ba ne, na mai sunansa ne da ke Anacha.

Asabar, 7 ga Satumba

Albasa wani tururi take fitarwa in an yanka ta, shi ke shiga ido. Ba mugunta ba ce, kare kanta take yi.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ikram ta nuna mini bidiyo a waya. Turawa da baƙaƙen Amurka suna tofa yawu a 'yar kwalba, su aika, a turo musu da asalinsu. Wata mata aka ce mata rabinta daga Najeriya yake, ta zauna tana rusa kuka. Na ce Allah sarki, ta zo ta karɓi nawa rabin ta ga yadda ake shan wahalar wuta. Mu ba ma buƙatar kwalba. 'Yan unguwar Indabawa ne mu, cikin birnin Kano, duk da sau biyu kacal na taɓa zuwa, kuma duk biyun ina ƙarama.

Da la'asar muka kalli fim ɗin nan mai dogon zango da matan unguwa suka haukace a kai. An kai inda yarinya ta gano attajirin da take yi wa aiki shi ne ubanta. Na ce wa Ikram a fim ne kawai mutum zai girma bai san ubansa ba alhali yana ganinsa kullum.

Muna cikin kallo Baffa Idi ya kira Baba. Ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da wake da gero a kasuwar Relief a Anacha. Ni na ɗauki wayar don Baba yana alwala. Na gaishe shi, ya ce, "Lafiya. Yaya fa?" Shi ke nan. Tun da nake da mutumin nan bai taɓa kiran sunana ba. Sai "ke", sai "yarinyar nan", in ya matsu ya ce "mutanen Inugu". Ina ƙarama in ya zo yakan ɗauki 'ya'yan maƙwabta ya yi musu wasa, ni ko kallo ban ishe shi ba.

Wanda ba zan manta ba shi ne na aurena. Kowa ya san uba ba ya ba da auren 'yarsa in yana da ɗan'uwa, baffa ke waliyyi. Ya zo, ya zauna can bayan sahu kamar ɗan gayya, ya bar Baba ya ba da ni da kansa sai ka ce wanda ba shi da kowa a duniya. Shekara ashirin ke nan. In ya shigo ɗaki ni fita nake yi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Baba ya faɗi a banɗaki da safe. Muna asibiti. Gyambon ciki ne ya fashe, ya zubar da jini da yawa. Baban Ikram yana Arewa wajen sayen shanu, na kira shi, ya ce sai jibi zai iya tasowa.

Juma'a, 13 ga Satumba

Suna neman leda biyu. Na nannaɗe hannun riga na ce a ɗebi nawa. Mai gwajin ya duba ya ce, "Madam, you be O. Your own dey enter everybody." Na Baba kuma AB ne, wai shi kowane iri karɓa yake. Na ce haka halinmu yake dama, ni bayarwa shi karɓa.

Na zauna ina kallon jinina yana bin robar nan yana shiga hannunsa. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Ya buɗe ido ya ce, "Yanzu kuma ni ma zan fara tambayar don me." Ya yi magana, ya yi tsokana, to alhamdu lillahi.

Asabar, 14 ga Satumba

Na dawo gida wanka ina ba Ikram labari, ni O, Baba AB. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta hau wanke kwanon da ta riga ta wanke. Yarinyar da na haifa ce, na san halinta.

Da na matsa mata ta ɗauko takarda ta zana gida huɗu. Ta ce kowane ɗa yana karɓar abu ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AB abu biyu gare shi, ko ya ba da A ko ya ba da B. Mai O kuwa sai in duk ɓangaren biyu O suka ba shi. Na ce to? Ta ce, "Umma, wataƙila kuskure suka yi a asibitin. Kuma littafi ya ce akwai inda ake samun hakan, sai dai da wuya ƙwarai."

Na ce mata kuskure ne mana, na shige wanka.

Litinin, 16 ga Satumba

Zaman gida, ga hutun Mauludi. Ba okada ba mota, ban samu zuwa asibiti ba, Baban Ikram ne a can tun jiya. Ba abin da zan yi sai tunani, kuma shi ne abin da ba na so.

Na ɗauko takardar Ikram daga kwandon shara na yi ta juya ta. Gida huɗu ne, ko ta ina na bi ba na ciki.

Abin da nake tsoro ba zan iya rubuta shi da sunansa ba. Dada ce. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi. Shekara tara tana kabari, ni kuma ina nan zaune ina yi mata lissafi da biro. Astagfirullah. Allah ka yafe mini.

Ni kaɗai suka haifa. Ban taɓa tambayar don me ba, ni da nake tambayar idon akuya.

Garin neman ƙiba na samo rama. Wa ya aike ni faɗa wa yarinya rukunin jini?

Laraba, 18 ga Satumba

Na je wani ɗakin gwaji can nesa da unguwa, inda ba wanda ya san ni. O ne. Na leƙa katin Baba da ke rataye a gadonsa har sau biyu. AB ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Mama Nkechi ta ce kwana biyu ba ta ji muryata ba, ko albasa ta yi arha ne. Na ce mata gajiyar jinya ce.

Asabar, 21 ga Satumba

Baffa Idi ya zo daga Anacha cikin ruwa, babbar rigarsa sharkaf. Ya zauna kusa da Baba suna magana ƙasa-ƙasa. Baba ya nuna ni ya ce, "Ga wadda ta ba ni jini." Mutumin nan ya kalli bango ya ce, "Allah ya yi albarka." Bango ya yi wa addu'a, ni ina tsaye riƙe da fulas.

Na ajiye fulas ɗin da ƙarfi na fita baranda, ban dawo ba sai da ya tafi. Ya bar leda a kan kujerata: hanta gasasshiya, dabino da lemon kwalba mai ƙara jini. Baba ya ce nawa ne, shi an hana shi. Na ba masu jinyar gadon kusa.

Talata, 24 ga Satumba

An sallami Baba. Yana cin kunu da tuwo mai laushi, yana ƙorafin ba yaji.

Na zauna ina yanke masa farce, tambayar tana bakina. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am, Sharifatu." Sai na tambaye shi ko in ƙara masa matashi. Yaya zan tambayi tsohon da ya tashi daga ciwo abin da in bai sani ba zai kashe shi, in kuma ya sani zai kunyata shi?

Alhamis, 26 ga Satumba

Saura mutum ɗaya da ta san gidanmu tun kafin ni: Gwaggo Baiwa, yayar su Baba, da ke Fatakwal wajen 'ya'yanta mahauta. Ba maganar waya ba ce. Na ce wa Baban Ikram zan je in kai mata labarin sauƙin Baba. Ya kalle ni ya ce waya ta lalace ne? Na ce zumunci a ƙafa yake. Ya bar ni in tafi, Allah ya saka masa.

Lahadi, 29 ga Satumba, Fatakwal

Hanya ta ci mana wuni guda jiya. Gidan yana bayan kasuwar Creek Road, ko'ina warin kifi da ruwan gishiri. Gwaggo ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan yadda na san shi.

Yau da hantsi muna tsinke zogale mu biyu. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara da jini, na koma kan gida huɗu, har da A da B. Ta ce, "Ke, ni ban yi boko ba, faɗi abin da ya kawo ki." Na rufe ido na ce gwaji ya nuna ba jinin Baba ba ce ni.

Ko tsayawa da tsinkar ba ta yi ba. Ta ce, "To da jinin wa za a gani in ba na Idi ba?"

Na ce wane Idi.

Sai a nan ta ajiye zogalen. Ta matso da fuskarta kusa da tawa ta daɗe tana dubana, sannan ta hau salati. Ta ce, "Sharifa, kina nufin ba ki sani ba? Duk shekarun nan?"

Ga abin da ta faɗa, yadda na iya riƙewa. Ni ce 'yar fari a wajen Baffa Idi da matarsa ta farko, Kubura. A Anacha aka haife ni. Da aka zo yaye, aka kai ni Inugu wajen Baba da Dada kamar yadda ake yi, a yaye yaro a gidan 'yan'uwa. Su shekara goma sha biyu da aure ba haihuwa. Da aka zo ɗaukata Dada ta shige ɗaki da ni ta ƙi fitowa. Sai Baffa Idi ya ce wa Baba, "Yaya, na bar maka ita duniya da lahira." Shekara ba ta zagayo ba Kubura ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikin.

Na ce don me ba wanda ya gaya mini? Ta ce da a Indabawa na girma, da tun ina shekara biyar yara sun gaya mini a wajen faɗa. A nan Kudu wa ya sani, wa zai yi gori? Kuma ana gobe ɗaurin aurena an sa Dada ta gaya mini. Ta shiga ɗakina, ta fito da jan ido, ta ce musu ta faɗa.

Na tuna ranar. Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, sannan ta ce in riƙa sa gishiri kaɗan-kaɗan, miji ba ya son miya mai gishiri.

Na ce, "Gwaggo, to mutumin da ko sunana ba ya faɗa?" Ta ce, "Wa kika taɓa gani a zamaninmu yana kiran sunan ɗan fari? Ubanmu har ya mutu bai kira nawa ba." Ta ce su duk sun ɗauka na sani ne saboda yadda nake yi. In ya shigo in sunkuyar da kai in fice, ba na zama inda yake, ba na haɗa ido da shi. Har yabona suke, wai yarinyar Kudu amma ga kunya.

Na ce, "Gwaggo, ba kunya ba ce. Haushinsa nake ji."

Ta yi dariya har da tari, daga baya kuma ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Mun yi kuskure, 'yar nan. Kowa ya bar wa kowa."

Litinin, 30 ga Satumba

Dada ta fita. Wannan na fara rubutawa. Dada ta fita fes, ni ce na yi mata mummunan zato, kuma na yi ta roƙa mata gafara ina roƙa wa kaina.

Talata, 1 ga Oktoba

A mota na yi ta kwance shekaru ina sake ɗaurawa. Ranar aure: baffa ke ba da aure, kuma baffa ne ya bayar. Wanda ya zauna a bayan sahu wurinsa ya zauna. Shekara ashirin ina riƙe da mutum a kan ya yi daidai.

Atamfar Sallah da Baba ke kawo mini duk shekara yana cewa "ta Anacha ce, ta fi kyau". Na ɗauka kasuwar yake yabo.

Amma ina jin haushi har yanzu, ba zan yi wa littafi ƙarya ba. Kunya ce ta hana shi kiran sunana, to ni wa ya tambaye ni ko ina son a ji kunyata? Ni Ikram ce 'yar farina, kuma sunanta nake kira tun daga nan har bakin titi. Dada ta yi faɗan har ta gaji.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na kai wa Baba kunu. Na ce masa na je wajen Gwaggo, kuma sai yanzu na ji. Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce, "Dada ta ce mini ta faɗa miki." Na ce gishiri ta faɗa mini. Bai gane ba, na ba shi labari, ya yi murmushi yana girgiza kai.

Can ya ce, "To yanzu sai ki koma kirana Baffa." Da wasa ya faɗa.

Na ce masa jinina leda guda yana jikinsa, in yana son ya rabu da ni sai ya fara dawo mini da shi. Ya ce ai ya riga ya narke. Ya shanye kunun, ya ce ba sukari. Da zan fita ya ce, "Ki je ki gan shi. Bai taɓa roƙona komai a kanki ba, ko sau ɗaya. Ni na san abin da na karɓa."

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ikram ta sake zana gidajenta. In kakanmu A ne kakarmu B, kowannensu da O a ɓoye, za su iya haifar mai AB su kuma haifi mai O. Ta ce, "Kin gani, Umma, lissafi ya fita." Ita murna take, lissafi ya fita.

Ta ce tana son ta ga 'yan'uwanta na Anacha. Sai a lokacin ya faɗo mini: yaran nan biyar da nake ce wa 'ya'yan Baffa, ƙannena ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je Anacha na dawo.

Ban gaya masa zan zo ba. Kasuwar Relief ta fi Ogbete hayaniya, sai da na tambayi mutum uku kafin na sami layin masu hatsi. Rumfarsa tana can ciki, duhu, buhunan wake har rufi. Yana auna wa wata mata. Da ya gan ni mudun ya tsaya a hannunsa, ya ce, "Yaya ne?" Na ce Baba lafiya lau, har ya fara fita masallaci.

Ya share mini benci da hannun rigarsa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, duk yana kallon buhu. Ya gida, ya yara, ya ruwa, ya hanya. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Na je Fatakwal wajen Gwaggo." Ya ce, "Ana ruwa a can." Na ce, "Ta gaya mini. Da ban sani ba. Sai yanzu."

Ya ɗebi wake a hannu yana zubarwa cikin buhu, ya sake ɗiba. Sannan ya ce, "Ashe." Can kuma ya ce, "To ficewar da ake yi fa?" Na ce haushi ne. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Da gaskiya."

Na zo da maganganu cike da ciki, tun daga gadar Inugu nake shirya su. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya aika aka kawo mini shinkafa, na ji yana ce wa mai abincin kada ta sa kifi. Ban san inda ya san ba na cin kifi ba. Da aka kira azahar ya jawo wani gwangwanin madara daga bayan buhu, ya ciro abu ya ajiye a kan benci kusa da ni, ya tafi masallaci.

Hoto ne, baƙi da fari, gefensa ya cinye. Wata yarinya da ba ta fi Ikram da yawa ba, da ɗaurin ɗankwali irin na da, tana riƙe da jaririya. Goshin Ikram ne sak. Na yi kukana na gama kafin ya dawo, ina jin don haka ya daɗe. Na miƙa masa hoton, ya ce wa buhu, "A tafi da shi."

Ya ce zai raka ni bakin titi. Muka bi ta cikin rumfuna yana gaba ina baya. Ashe hadarin da na iso cikinsa ya washe. Muna fitowa fili rana ta dake mu, na ji ta taso, na yi ta farko, sai na ji wata a gabana. Ta biyu tare muka yi. Ta uku ma.

Ya tsaya ya ce alhamdu lillahi. Na ce yarhamukallahu. Ya amsa mini, ya ci gaba da tafiya. Sai da muka kusa inda motoci suke ya yi magana, bai waiwayo ba. Ya ce, "Tun ranar da aka fara fito da ke tsakar gida kike yi. Uwarki ta ce, shi ke nan, an samu na biyu."

Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Sunan dai bai faɗa ba. Ya sa aka ɗora mini rabin buhun wake a but ɗin mota, ya tsaya har motar ta tashi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Waken yana da kyau, ba ƙwari. Baba ya ci alala biyu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ciniki ba laifi. Kuka ta ƙare, daddawa saura kaɗan. Tambayar yau: don me hamma take yaɗuwa, in ɗaya ya yi sai na kusa ya kama? Ikram ta ce masana ma ba su gama sani ba. Na ji daɗi da akwai abin da ya gagare su.

An kira daga Anacha da safe, wayata aka kira, ba ta Baba ba. An tambayi jikin Baba, an tambayi ko waken ya yi. Na ce ya yi. Aka ce to madalla. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Za mu je da Ikram in sun yi hutu.

Mai albasa ya sake makara. Na hango shi a layin masu doya yana ta surutu, na buɗe baki zan ƙwala masa kira, sai na tsaya. Na aika 'yar Mama Nkechi ta kira shi. Da ya zo na ce, "Malam, sannu da zuwa, a sauke a nan." Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani nake.

Ikram tana rumfar, ta biyo daga makaranta. Ta ce, "Umma, yau ba Idi?" Na ce maƙogwarona ne ke ciwo, ta je ta auna wa mata barkono.